Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Tawa Kan Matan Da Ke Fitowa Daga Gidan Mafaka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu taya ka riƙon wannan jiha, ina neman izini in kawo maka kukan wasu mata da ba su da ƙafar zuwa gabanka. Gaisuwar ta haɗa da iyayenmu sarakuna da masu unguwanni da malamanmu, domin rabin maganar nan tasu ce, kuma mun san kai ne za ka iya tara su wuri guda.

Ni tela ce a wata unguwa cikin garin Tawa, kuma ni ce uwar asusun matan unguwarmu. Mu 28 ne. Kowace Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa a tsakar gidana, kowa ta zuba abin da Allah ya hore mata. Akwai masu awara a cikinmu, akwai masu ƙuli-ƙuli da masu kitso, da wata ungozoma da ta ajiye aiki. Yau shekara huɗu ke nan da muka wayi gari gidana ya zama inda ake turo matan da kwanakinsu suka cika a gidan mafaka, wato gidan da ake saukar da matan da aka ci zarafinsu a gidan aure. Ba mu nemi aikin ba, ba mu kuma ƙi shi ba. Da bakinsu nake magana, da bakin 'yan asusunmu, kuma sai da aka karanta musu wasiƙar nan suka yarda kafin ta fita.

Kafin kuka, godiya. Mu da muka girma a Adar mun san zamanin da matar da miji ya fasa wa kai ba ta da inda za ta nufa sai gidan ubanta, a can ma kwana biyu ne a rako ta. Yau akwai inda ake karɓarta, a duba raunin, a ba ta abinci da shimfiɗa, a zauna a saurare ta. Shirin Spotlight na yaƙi da cin zarafin mata, na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya soma aiki a ƙasarmu a 2019 a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tilaberi da Tawa, ya taimaka aka fara kiran wannan cuta da sunanta a bainar jama'a. Ma'aikatan da ke karɓar matan nan kuwa, da idona na ga ɗayarsu ta sayi madarar jariri da kuɗin aljihunta. Allah ya saka musu da alheri.

Sai dai gidan mafaka masauki ne. Gadajen kaɗan ne, masu zuwa ba su yankewa, wadda ta ɗan murmure dole ta ba wata wuri. Kukanmu yana kan ranar fita. A ranar likita ya gama nasa, an rufe takardar ƙara ko an ajiye ta, ma'aikaciyar gidan ta koma kan sabuwar da aka kawo jina-jina. Ita kuwa tana tsaye a bakin ƙofa da 'ya'yanta, daga nan har abin da hali ya yi babu ofishi ɗaya da zai ce tana wuyansa.

Cikin daminar da ta wuce, wata Laraba daf da magariba, hadari ya haɗo daga gabas, aka yi sallama a ƙofata. Yarinya ce da ba ta wuce shekara 22 ba, da goyo a bayanta, tana riƙe da hannun wata 'yar shekara huɗu. Kayanta kaf a cikin baƙar leda guda suke: zane biyu, kwalin magani, da takardar likita da ta naɗe cikin ɗankwali don kada ruwa ya taɓa ta. Hannunta na hagu bai gama miƙewa ba. Na ce, "Ɗiyata, ina za ki?" Ta ce, "Inna, an ce in zo wurinki." Kwana 19 ta yi a ɗakin ɗinkina, tsakanin keke da tarin yaduka. Da ta ga mun kasa samo mata ɗaki, ga ta da kunyar cin tuwon mutane, dangin mijin suna zuwa biko ta bi su. Kafin a yanke gero an sake kai ta likita. Ita ce ta uku a cikin shekara guda da muka ga ta fita ta koma ta dawo da sabon rauni, kuma ita ce dalilin wannan takarda.

Abu na farko, ranka ya daɗe, ɗaki. Duk wanda ya ji labarin irin matan nan sai ya ce, me ya hana ta koma gidan iyayenta? Wasu suna komawa, kuma a nan ya fi dacewa su zauna in da hali. Amma ka san Adar. Yayyenta maza suna Abijan ko Libiya wurin biɗa, ɗakunan gidan matansu ne a ciki, rumbun ba ya kai wa wata damina. Uban ya tsufa, ya ci sadaki tuntuni, yana tsoron a ce ya mayar. Wata uwar ita ma ba ta gidan, an sake ta tun yarinyar tana ƙarama. Wadda ta fito daga ƙauyen Keita ko Buza ko Illela, sau da yawa katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na mijin, ko ma ɗan baffanta ne. Ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga arewacin jiha, su gidan uban ma babu shi.

To sai haya. Na taɓa zagawa da wata gida bakwai a yini ɗaya, tambaya ɗaya ake mana a kowace ƙofa: "Ina mijinta?" Wani dattijo ya gaya mini a fili cewa ba ya ba mace marar miji ɗaki, kada a ɓata masa sunan gida. A garin nan, mace ta kama ɗaki ita kaɗai an riga an raɗa mata suna, an ce mai zaman kanta ce, ko da carbi ne a hannunta dare da rana. Wanda ya yarda kuma, kuɗin wata uku yake so gaba ɗaya. Ɗakin ƙasa na jika 5 ya zama jika 15 ke nan kafin ta sa ƙafa, ba a yi maganar tabarma da tukunya da bokiti da gidan sauro ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matan nan suna da kaya. Gado da katifa da kwanuka da akwatin tufafi, waɗanda uwa ta yi shekaru tana tarawa da kuɗin fura da na kaji, suna can a kulle a gidan mijin. Shari'a ta ce nata ne, al'ada ma ta ce nata ne, ba mu taɓa jin malami ko sarkin da ya musa ba. Amma wa zai shiga gidan ya kwaso? Ita in ta je duka ne. Mu in mun je zagi ne, a ce mu ne masu kashe aure. Da kayan nan sun fito, katifa ɗaya da za ta sayar ta isa ta biya hayar wata uku. Da yake ba su fitowa, hanya uku ce ke gabanta: ta koma inda aka karya ta, ko ta auri duk wanda ya fara sallama ranar da idda ta cika, ko wani ya biya mata ɗakin ya karɓi abin da ya fi kuɗin tsada. In ta faɗa ta ukun, garin da ya hana ta ɗaki shi ne zai fara jifanta.

Abu na biyu, yadda ake sulhu. Ba mu ƙin sulhu. Ni kaina na sha mayar da yarinya ɗakinta in na ga abin saɓanin harshe da haƙori ne. Doka ta ba sarakunanmu ikon sasanta mutane, kuma da babu su da kotuna sun cika sun batse. Ƙasarmu ba ta da kundin dokar iyali; an yi yunƙuri a farkon shekarun 1990, an sake yi a 2011, duka ba su kai ga zama doka ba. Saboda haka aure da saki da riƙon yara, galibinsu a zaure ake yanke su bisa al'ada da abin da malamai suka faɗa. Abin da ke gudana a zauren nan shi ne dokar da mace take gani da idonta.

Ga yadda na ga an yi, ba sau ɗaya ba. Maza suna zaune a kan tabarma, mijin a tsakiyarsu. Matar tana rakuɓe a bakin ƙofa, lulluɓe har ƙasa, kanta a sunkuye. Aka tambaye shi, ya ce sharrin Shaiɗan ne, ba zai ƙara ba. Aka juyo gare ta, ba a tambaye ta me ya faru ba, aka ce, "Ki yi haƙuri, aure ibada ne, ki dubi 'ya'yanki." Aka shafa fatiha. Ba a rubuta komai ba, ba a gindaya masa sharaɗi ba, ba a sa kowa ya leƙa ta bayan mako guda ba. Yarinyar da aka tarbiyyantar kan kada ta ɗaga kai gaban manya, ta yaya za ta buɗe baki gaban surukinta da liman ta ce shaƙe ta ya yi har ta suma? Shirunta sai a ɗauke shi a matsayin yarda.

Ni ba malama ba ce, amma na yi makarantar allo, kuma ina zuwa karatun matan aure. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a kawo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Na zauna a sulhun da babu ko mutum ɗaya nata. Aya ta 231 a Suratul Baƙara ta hana a riƙe mace don a cutar da ita. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa matar da ta tabbatar da cuta, alƙali yana iya raba auren ba tare da ta biya komai ba. Amma a aikace me ake ce mata? "In kina son takardarki, mayar masa da sadakinsa." Hul'i na wadda ta ƙi zama ne ba tare da an cuce ta ba. Mace da karyayyen hannu a ce ita za ta biya, ina za ta samo? Sai ta koma. Haka kuma Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa miji mazaunin matar da ya saka har ta gama idda. In zama ƙarƙashin rufinsa ya zama haɗari gare ta, muna ganin haƙƙin bai faɗi ba, kuɗin ɗakin ya kamata ya biya. Muna roƙon malamai su yi mana bayani a kan wannan a fili.

Sannan karya ƙashi da ƙona mutum da shaƙe wuya laifuka ne a dokar hukunta laifuka ta Nijar, ko a kan baƙo aka yi su ko a kan matar aure. Goro da fatiha ba su goge su. Duk wanda ya yi aiki da matan nan ya san cewa kwanakin da suka biyo bayan fitarta su ne mafi haɗari, domin a lokacin ne mijin yake jin abin ya kuɓuce masa. Wata da muka samar wa jari tana soya awara a ƙofar wata makaranta, tsohon mijin ya zo kan kabu-kabu ya shure kaskon da mai yana tafasa. Allah ya kiyaye yaron da ke gefenta. Tun kafin ranar yana kiranta a salula yana gaya mata abin da zai yi, ta gaya mana, mu kuma ba mu san lambar wanda za mu kira ba.

'Yar jihar nan ce Hadijatu Mani, daga yankin Ƙonni, wadda aka sayar a matsayin baiwa tana da shekara 12 a 1996. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta yanke hukunci a Yamai, ta ce a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Ƙasa aka kama da laifi a shari'ar, saboda maganarta ta zo gaban hukumomi, sun ga halin da take ciki, ba su kare ta ba. Matan da nake magana a kansu su ma hukuma ta san da su: sunansu yana cikin littafin likita, yana cikin na gidan mafaka. Abin da ya same su bayan an sallame su, ba za a ce ba a sani ba.

Abu na uku, takardu da 'ya'ya. Wadda ta gudu da tsakar dare ba ta tsayawa neman takarda. Katinta na ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, katin rigakafinsu, duk suna cikin akwatin mijin, in ma an taɓa yi. Ba kati, ba ta iya karɓar ɗan abin da ɗan'uwa ya aiko mata ta Nita ko Amana sai ta roƙi wani ya karɓar mata, ba ta iya yin layin salula da sunanta. Yaron da ba a yi wa rajista kan lokaci ba sai an bi ta kotu, ita kuwa ko ƙofar kotun ba ta sani ba. Akwai kuma wata matsala da ta yi yawa a Adar: miji yana Abijan shekara uku, ya bar ta hannun uwarsa da ƙannensa, wani lokaci su ne ma masu dukan. Ya sake ta ta waya, babu shaida, babu takarda. In ta samu mai so ya ce bai sake ta ba, in ta nemi abinci ya ce ai ya sake ta. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

'Ya'ya kuwa su ne igiyar da ake ɗaure ta da ita. "In kin fita, ki ajiye mini 'ya'yana." Al'adar da muka taras ta ce yaro ya kai shekara bakwai uba ya karɓa, wasu ma da yaye suke ƙwacewa. Amma a mazhabar da muke bi, uwa ce ke riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakinta, ciyarwa da tufatarwa kuma suna wuyan uba. Matan ba su san haka ba. Ba su kuma san cewa tun 2011 ƙasa ta kafa hukumar ANAJJ mai taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a ba, ko cewa dokar ta ambaci matan da aka ci zarafinsu da masu neman kuɗin ciyar da yara ko riƙonsu a cikin waɗanda za a tsaya wa kyauta. Mu 28 ɗin nan, babu wadda ta taɓa jin sunanta sai da ɗan ungozomarmu ya gaya mana.

In uba bai ba da ko dala ba, wa ke biya? 'Yar fari. A cire ta daga makaranta ta ɗauki talla, shekara biyu a ce ta girma, a aurar da ita don a rage baki. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matanmu ana aurar da su kafin shekara 18. An yi dokar watan Disamba 2017 don a riƙe yarinya a makaranta, amma yarinyar da uwarta ba ta da wurin kwana ba ta zaman aji. Wadda ta zo mini da baƙar leda tana da shekara 14 aka ɗaura mata aure, uwarta ma da duka ta bar gidan ubanta. Idan na kalli 'yarta mai shekara huɗu tana wasa da ƙyallaye a ƙarƙashin kekena, gabana faɗuwa yake yi.

Abu na huɗu, sana'a. Ana ƙoƙari, ba mu raina ba. Amma a tara mata 30 a koya musu haɗa sabulu cikin kwana biyar, su fito da sabulu iri ɗaya su nufi kasuwa ɗaya, wa zai sayi na wa? Ana ba da keken ɗinki. Ni tela ce, na san yarinya ba ta iya yanka riga mai kyau ƙasa da shekara guda tana zaune gaban mai koya mata. Keken da aka ba wadda ba ta da ɗaki, cikin wata guda ya tafi kasuwar Lahadi, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ke aiki muna da shi a gida. Tsarin asusun zubi da rance na Mata Masu Dubara a ƙasar nan aka haife shi, a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Muna da habbanaye, a ba mace akuya ta haihu ta riƙe 'ya'yan ta miƙa uwar ga wata. Matan Adar su ne suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da fako a aikin Keita da aka soma a 1984, su ne ke cikin albasar Galmi da tabarmin Madawa. Aiki ba ya ba su tsoro. Matsalar ita ce asusu sai da zubi, wadda ta fito da leda kuwa ba ta da na makon farko. Mu kan zuba mata na mako takwas, mu ba ta rancen jika 10 ta fara. Akwatinmu ba ya ɗaukar fiye da mace biyu a lokaci guda, ta uku in ta zo sai mu ba ta haƙuri, kalmar da muka fi ƙi a bakin wasu.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Wata in ta ji ƙarar mashin ya tsaya a ƙofa sai jikinta ya ɗauki rawa, wata ba ta barci sai ta jingina turmi a bayan ƙyaure. Mutane su ce iskoki ne. A gidan mafaka akwai mai sauraronta, a unguwa babu, sai masu nuna ta da baki a gidan biki suna cewa ga wadda ta kai mijinta ƙara.

Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ka ba da umarni kada a sake sallamar mace daga gidan mafaka sai an rubuta inda za ta kwana, da abin da za ta ci a watan farko, da sunan mutum biyu masu alhakinta: ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ɗaya, da dattijuwa ɗaya daga unguwar da za ta zauna. Su riƙa leƙa ta har wata shida, kuma a ba ta lambar jami'in tsaro da zai ɗauka in ta kira, wanda ya riga ya san labarinta.

Muna roƙon ɗakuna. Ba mu ce a gina babban gida mai allo a ƙofa ba, wannan zai zama abin nuni, kuma mijin zai san inda zai same ta. Ɗakuna na kowa da kowa muke so a cikin unguwanni, cikin gidajen da akwai iyali, ma'aikatar magajin gari ta kama su da sunanta. Mace ta zauna wata shida zuwa shekara, ta fara biyan kaɗan daga wata na uku, har ta tsaya da ƙafarta ta ba wata wuri. Inda hakan bai samu ba, mai unguwa ya tsaya mata a gaban mai gida, kalmarsa ta wadatar. A garin nan akwai gidajen da 'yan'uwanmu na Abijan suka gina, suna kulle shekara da shekaru. In Gwamna da kansa ya yi musu magana, mun yi imani za a samu masu ba da ɗaki ɗaya ko biyu saboda Allah, wasu ma su yi waƙafi.

Kayan ɗaki su fito cikin mako guda. Wakilin mai unguwa da jami'in tsaro da mata biyu su je, a rubuta abin da aka ɗauka, har da takardunta da na yara. Wannan ba ya cin kuɗin hukuma ko dala, umarni kawai yake jira.

Muna roƙon ka tara iyayenmu sarakuna da malamai da alƙalai su daidaita kan yadda za a riƙa sulhu in akwai duka a ciki. A ji ta bakin matar ita kaɗai, gaban mace 'yar'uwarta, kafin a shiga zaure. Nata ya kasance a wurin. A rubuta sharuɗɗan da mijin ya ɗauka, a ba ta kwafi. In akwai takardar likita mai nuna rauni, maganar ta wuce zuwa kotu, kuma kada a ce ta mayar da sadaki. Takardar likitan ita ma a ba da ita kyauta, don mun ga wadda ta fasa ƙara saboda kuɗinta. Limamai kuma su taimake mu da huɗuba: su gaya wa masu gidajen haya cewa ba bazawara ɗaki lada ne, su gaya wa iyaye cewa karɓar ɗiyarsu da aka cuta ba abin kunya ba ne. Maganar liman ta Juma'a ɗaya ta fi yawonmu na shekara.

Sau ɗaya a wata, ma'aikacin rajistar haihuwa da wakilin ANAJJ su je gidan mafaka da kansu, a yi wa mace katinta da takardun 'ya'yanta, a shigar mata da maganar saki da ta ciyarwa tun tana ciki. Makarantu kuma a umarce su su karɓi yaran ko a tsakiyar shekara ne, takarda ta biyo baya.

Jarin da ake rabawa, a bi da shi ta asusun matan unguwa da suka riga suka kafu, mu mun san wadda ta iya suya da wadda ta iya kiwo, mun kuma san yadda ake karɓar bashi ba tare da an wulaƙanta mutum ba. A ware musu 'yan rumfuna a kasuwa. Mai son ɗinki ko saƙa a haɗa ta da mai sana'ar har shekara, a ɗauke mata abincin rana.

Na ƙarshe, kuɗin wannan aiki ya shiga kasafin jiha da na gari. Furoje yana zuwa yana tafiya, mun ga da yawa sun naɗe tabarmarsu, matan kuwa ba su daina zuwa ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka fito a Yamai suka nemi a ba su kujera a shirin taron ƙasa, shi ya sa muke bikin ranar kowace shekara. Muna fatan a bikin da ke tafe a gaya mana ɗaki nawa aka kama a Tawa da mace nawa ta shiga. Kafin nan, in za a zauna kan maganar, a kira biyu daga cikin matan da abin ya shafa su zauna a ciki. Akwai waɗanda suka ce za su zo.

Yarinyar nan mai baƙar leda tana gidan mafaka a karo na biyu, kwanakinta sun kusa cika. Ta aiko mini cewa wannan karon ba za ta koma ba ko za ta kwana a tasha. Mun tara mata jika 9 cikin 15. Mun samu wata hajiya mai gida da ta ce za ta ba da ɗaki in wani na hukuma ya sa hannu cewa ya san da zamanta. Hannun nan muke nema. Muna nan ranar Alhamis bayan la'asar, duk wanda ka turo zai taras da mu.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Uwar asusun matan wata unguwa, a madadin 'yan ƙungiya da matan da suka sauka a hannunmu,
Tawa.